Yadda Ake Gane Gyambon Ciki da Yadda Ake Magance Shi Har Ya Warke

Akwai wata kwalba mai farin ruwa kamar koko da ta yi shekaru a gefen gadona. Wajen ƙarfe biyun dare ciwon kan tashe ni, wani zafi a ƙahon zuci kamar an ajiye garwashi, sai in laluba in girgiza kwalbar in kurɓa, in bi da biskit biyu ko ragowar burodi, in jingina da bango har abin ya lafa. Kowa a gidanmu ya haddace dokar: kada a sa masa yaji, kada a bar shi da yunwa, ai mai olsa ne. Haka na ɗauki olsa, wato gyambon ciki, kamar hawan jini ko ciwon suga, ciwon da ake lallaɓawa har ƙarshen rayuwa. Sai ran da wani likita ya yi mini tambayoyi biyu. "Malam, an taɓa yi maka gwajin ƙwayar cutar?" Na ce a'a. "To wane maganin ciwon jiki kake sha?" A nan na fara gane cewa ciwon da nake reno shekara da shekaru yana warkewa cikin makonni idan an kama shi ta inda ya dace.

Hanyar da aka bi da ni zan zayyana, daga gane alamu har zuwa tabbatar da warkewa. Karatun nan bai isar maka ga barin asibiti ba. Amfaninsa shi ne ka shiga ɗakin likita ka san abin da za ka faɗa da abin da za ka roƙa a yi maka.

Mataki na farko: ka san abin da ke kawo shi

Tumbi yana fitar da asid mai ƙarfi don narkar da abinci, kuma Allah Ya lulluɓe bangonsa da wani yauƙi da ke hana asid ɗin cin nama. Idan wannan kariya ta yi rauni, asid ya samu ƙofa, sai ya ƙwaƙule wuri ya zama gyambo, ko dai a cikin tumbin, ko a bakin ƙaramin hanji inda abinci ke fita daga tumbi. Abubuwa biyu ne ke da alhakin mafi yawan gyambon da ake gani.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, a asibiti za ka ji ana cewa "H. pylori". Wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka raya ta a ɗakin gwaji a 1982. Abokan aikinsu suka ƙi yarda, don a lokacin an yi imani babu wata halitta da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya raya ƙwayar a ciki ya shanye, bayan 'yan kwanaki ya fara amai, aka duba aka ga tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya, kuma ta fi yawa a inda ruwan sha ba shi da tsabta, ko gida ya cika da jama'a. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, ta ruwa, ta abincin da hannu marar tsabta ya taɓa, ko ta miyau. Mafi yawan masu ita ba sa taɓa jin komai. Ɗaya ko biyu cikin goma ne take yi wa gyambo.

Na biyu, kuma shi ne wanda muke yi wa kanmu da kanmu, magungunan ciwon jiki ne: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen, indomethacin da aspirin. Waɗannan suna kashe ciwo ta hanyar toshe wani sinadari a jiki, sai dai wannan sinadarin shi ne kuma ke sa tumbi ya yi yauƙin da ke kare shi. Ka tuna da leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo, ko ɗan acaɓa, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da magariba a tsaya a kemis, "haɗa min na gajiya", a ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a 'yar leda, a kora da shayi cikin da babu komai. Sau da yawa a cikin haɗin nan akwai biyu daga cikin waɗancan magunguna, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda idan suka haɗu da su haɗarin zubar jini ke ƙaruwa. Garin Alabukun ma aspirin ne da kafeyin. Ni diclofenac ne nawa, saboda ciwon baya, kusan kullum, kuma ban taɓa kawo wa raina yana da alaƙa da cikina ba.

Yunwa, yaji da yawan tunani fa? Suna tayar da zafin gyambon da ya riga ya samu, amma ba su ne ke haƙa shi ba. Taba sigari kuwa tana hana shi warkewa, giya tana ƙara ƙona wurin.

Mataki na biyu: ka saurari ciwon na mako guda

A wajenmu "olsa" ta zama kamar "taifot", duk ciwon da aka rasa sunansa ita ake laƙaba wa. Saboda haka kafin ka yanke wa kanka hukunci, ɗauki takarda ko wayarka ka riƙa rubuta abu huɗu duk lokacin da ciwon ya zo: ƙarfe nawa, a ina, me ka ci kafin nan, me ya sa ya lafa.

Ciwon gyambo yakan zauna ne tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji, mutum na iya nuna wurin da yatsa ɗaya. Zafi ne kamar ƙuna ko kamar ana gwaguya, wani lokaci yana ratsawa zuwa baya. Idan gyambon a bakin ƙaramin hanji yake, ciwon kan zo awa biyu zuwa uku bayan cin abinci, ko tsakar dare, kuma da an ci wani abu sai ya lafa. Wannan ne ya sa ake kiransa ciwon yunwa. Idan a cikin tumbi yake, sau da yawa cin abincin ne ke tayar da shi, har mutum ya fara tsoron ci ya rame. Akan samu kumburin ciki, yawan gyatsa, tashin zuciya, da ƙoshi daga loma kaɗan. Yana kuma zuwa ne yana tafiya: a yi makonni ana fama, a yi watanni shiru, ya dawo.

Ga waɗanda ake rikita su da shi. Ƙwannafi, wato ruwa mai tsami ya taso ƙirji har maƙogwaro musamman idan an kwanta bayan cin abinci, wannan asid ne ke komowa sama, ba lallai da gyambo ba. Ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin abu mai maiƙo na iya zama tsakuwa a maɗaciya. Akwai kuma mutane da yawa da za a leƙa cikinsu a ga lafiya lau, amma suna jin duk waɗannan alamu.

Biyu daga cikin masu kama da olsa na kisa ne, don haka a kiyaye. Mai shekaru, ko mai suga ko hawan jini, da ya ji nauyi a ƙahon zuci tare da gumi, haki, ko ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, zuciya ake zargi har sai an tabbatar ba ita ba ce. Mace mai tsohon ciki da ta ji zafi a ƙahon zuci tare da ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, a auna jininta nan take, don yana iya zama hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Mataki na uku: alamun da ba a kwana da su a gida

Aman jini, ja ko baƙi-baƙi kamar garin kofi. Bayan gida baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban. Jiri ko suma idan an miƙe tsaye, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Waɗannan na nuna gyambon ya ci jijiya yana zubar da jini. Sai kuma ciwon da ya soko farat ɗaya kamar an caka wuƙa, ciki ya ƙame kamar katako, mutum ba ya son ko motsi. Wannan gyambon ne ya huda bango, abin da ke cikin tumbi yana zuba cikin ciki, kuma tiyata ce maganinsa. A irin wannan hali kada a ba shi ruwa, kada a ba shi madara ko jiƙo, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da ɗakin tiyata. Kowace awa da aka ɓata tana da tsada.

Akwai kuma waɗanda ba na gudu da daddare ba ne amma ba a wuce mako ba a ga likita ba: rama ba dalili, abinci na tsayawa a maƙogwaro, amai kullum bayan cin abinci, jin ƙullutu a ciki, ko ciwon ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 55. Irin waɗannan kyamara ake zura musu, don ciwon dajin tumbi yakan fara da kamannin olsa.

Mataki na huɗu: a yi gwaji kafin a sha magani

Gwajin H. pylori iri uku ne da aka fi samu. Na bayan gida yana nuna ko ƙwayar na nan a halin yanzu. Na numfashi ma haka: a ba ka wani abu ka sha, ka hura iska cikin jaka, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake yi ba. Na jini shi ne ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji, kuma shi ne mafi rauni, domin abin da yake nunawa shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Ko an kashe ta, yana iya ci gaba da nuna tana nan har shekaru. Na san wadda ta sha maganin sau uku saboda duk lokacin da ta koma gwajin jini sai a ce mata "har yanzu akwai". Idan kana da zaɓi, nemi na bayan gida.

Kuskuren da ke ɓata gwajin: zuwa alhali ana kan omeprazole. Wannan magani da danginsa suna sa ƙwayar ta lafa, sai sakamako ya fito babu alhali akwai. Ƙa'ida ita ce a dakatar da su mako biyu kafin gwajin bayan gida ko na numfashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu. A tsakanin nan ana iya rage zafi da farin ruwan nan na kwalba.

Gwajin da ke nuna gyambon ido da ido shi ne endoskofi, siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki. Ana zuwa ba a ci komai ba na aƙalla awa shida, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a yi allurar da ke sa gyangyaɗi. Minti goma zuwa sha biyar an gama. Ba daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba, akwai yunƙurin amai da hawaye, amma fargabar ta fi abin kansa. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya suna yi. Hoton sikanin ciki da ake yawan tura mutane ba ya nuna gyambo, amfaninsa a nan shi ne duba maɗaciya da hanta.

Idan za ka je wurin likita, zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya da haɗin kemis.

Mataki na biyar: shan maganin, inda aka fi faɗuwa

Magungunan olsa gida uku ne, kuma rashin bambance su ne ya zaunar da ni shekaru.

Gida na farko masu kashe zafi nan take: farin ruwan magnesium trisilicate, Gestid, Gaviscon da ire-irensu. Suna kashe kaifin asid ɗin da ke ciki na ɗan lokaci kawai. Ba sa warkar da gyambo. A kuma raba su da sauran magunguna da awa biyu, don suna hana wasu shiga jini, musamman tetracycline, ciprofloxacin da maganin ƙarin jini.

Gida na biyu masu rage fitar asid: omeprazole, esomeprazole, pantoprazole, rabeprazole, lansoprazole. Su ne ke ba gyambo sarari ya haɗe. Lokacin shansu na da muhimmanci: minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, ciki babu komai, a haɗiye ƙwayar ba tare da tauna ta ko buɗe ta ba. Wanda ke shan omeprazole bayan ya ci ya ƙoshi, ko sai zafi ya taso ya jefa ɗaya, ya rage mata ƙarfi sosai. Famotidine da cimetidine ma na rage asid amma ba su kai waɗancan ba. Ranitidine kuwa, wadda aka fi sani da Zantac, an janye tsohon nau'inta daga kasuwanni a ƙasashe da dama tun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki. Idan ka ga ragowarta a durowa, zubar.

Gida na uku masu kashe ƙwayar. Idan gwaji ya nuna H. pylori, magani ɗaya ba ya iya mata, sai an yi mata taron dangi. Haɗin da aka fi rubuta wa babban mutum shi ne omeprazole miligiram 20, amoxicillin giram 1, da clarithromycin miligiram 500, kowanne sau biyu a rana har kwana 14. A wurare da yawa ƙwayar ta fara jure wa clarithromycin, don haka likita na iya zaɓar haɗi mai huɗu: maganin rage asid, bismuth, tetracycline da metronidazole, na kwana 10 zuwa 14. Na kawo adadin ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka je kemis ka haɗa wa kanka ba. Wanda penicillin ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ba ya shan amoxicillin. Mai juna biyu da ƙananan yara ba sa shan tetracycline. Clarithromycin ba ta jituwa da wasu magungunan rage kitse a jini irin simvastatin da wasu na zuciya. Duk wannan likita ko mai harhaɗa magunguna ne zai tantance.

Ka lura da kwalin da aka ba ka. Wasu kwalayen haɗin na kwana 7 ne kawai, idan an rubuta maka kwana 14 kwali biyu za ka saya, kuma gara ka saye su rana ɗaya. Wanda ya ce bari in sha na farko in ga yadda za ta yi, da wuya ya koma sayen na biyu.

Ga abin da zai faru. A kwana na uku ko na huɗu zafin zai ɗauke, barci ya dawo. A daidai lokacin kuma bakinka zai fara ɗaci kamar ka tsotsi kwabo, ciki ya ɗan sake, zuciya na tashi. Sai shaiɗan ya raɗa maka ai ka warke, me ya rage? Wanda ya tsaya a nan ya kashe raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin kai, kuma idan suka dawo maganin farko na iya ƙin yi musu. Abin da ya taimake ni shi ne na zana gida 28 a bayan kalanda, safe da yamma, ina soke ɗaya duk lokacin da na sha, na kuma sa ƙararrawar waya bayan sallar asuba da bayan magariba. Omeprazole kafin abinci, sauran biyun da abinci, hakan na rage tashin zuciya. Kindirmo mai kyau na taimaka wa wasu da zawon, sai dai mai shan tetracycline ya raba ta da duk wani nono ko madara da awa biyu. Mai shan metronidazole kada ya kusanci giya har kwana biyu bayan ya gama. Bismuth na mayar da harshe da bayan gida baƙi, maganin ƙarin jini ma haka, amma wannan baƙin ba shi da danƙo da warin na jini. Idan kuwa ƙuraje suka feso, fuska ko leɓe suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ko zawo ya yi tsanani, a tsayar a koma asibiti a ranar.

Bayan kwana 14, likita kan ce a ci gaba da maganin rage asid shi kaɗai har a cika mako huɗu idan gyambon na bakin hanji ne, ko mako takwas idan na tumbi ne. Ba a so mutum ya mayar da omeprazole abincin kullum na shekaru ba tare da likita ya sani ba. Tana iya rage wasu sinadarai a jiki irin bitamin B12 da magnesium, kuma mafi muni tana iya rufe alamun ciwon da ya fi olsa.

Su kuma magungunan ciwon jiki, a ajiye su. Paracetamol ba ta cin tumbi, ita za a koma, ƙwaya biyu na miligiram 500 a lokaci guda, kada a wuce takwas a yini. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin na miligiram 75 saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya bari da kansa. Ya koma a tattauna, yawanci sai a haɗa masa da maganin kare tumbi.

Mataki na shida: abinci

Babu abincin da ke kashe H. pylori, kuma babu buƙatar mutum ya koma rayuwar koko da farar shinkafa. Na ga masu olsa da aka hana wa komai har suka rame, ramar ta fi ciwon illa. Aikin abinci shi ne rage zafi yayin da magani ke aikinsa.

Bari in fara da madara, don ita ce babbar ƙawar mai olsa. Wani likitan Amurka, Bertram Sippy, shi ya yaɗa wannan tsari a 1915, ana ba majiyyaci madara da kirim kowace awa, aka yi shekaru da dama ana bin sa a asibitocin duniya. Daga baya aka gane madara na sanyaya ciki na ɗan lokaci, sannan sinadaran da ke cikinta su sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Shi ya sa wanda ya sha gwangwanin madara ƙarfe goma sha ɗaya yake farkawa ƙarfe biyu. Sha madara a matsayin abinci idan ba ta dame ka ba, amma ba magani ba ce.

Sai kanwa. Jiƙa kanwa a sha yana kwantar da ƙwannafi kam, don tana kashe tsami, amma gishiri ce mai yawa. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai jego, suna sayen wata matsalar ne da ita. Haka ma bakin soda na yin burodi.

Waɗanda suka fi tayar wa mutane da ciwo: yaji da attaruhu mai yawa, tsire da kilishi da aka tsoma a yaji, soye-soye masu maiƙo kamar ƙosai da fanke da soyayyen dankali a cikin da babu komai, lemun tsami, zoɓo mai tsami, kunun tsamiya, lemun kwalba mai gas, kofi, shayi mai kauri irin na 'yan ataya, lemun ƙara kuzari, da goro. Dattawa ba sa son jin na goro, amma yana ɗauke da kafeyin da ke sa asid ya ƙaru, kuma yawanci a kan yunwa ake cinsa. Wannan jeri ba doka ba ce ga kowa. Takardar nan da ka rubuta a mataki na biyu ita za ta gaya maka naka. Ni zoɓo bai taɓa damuna ba, amma ƙosai biyu da safe sun isa su ɓata mini yini. Cire abin da ka tabbatar yana tayar maka, ka bar sauran.

Waɗanda ciki kan karɓa lafiya: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji da yawa, faten doya ko na dankali, dafaffiyar shinkafa da ganye, alale, dafaffen ƙwai, kifi ko kaza da aka dafa ba soyawa ba, kunun gyaɗa marar tsami sosai, ayaba, gwanda, kankana, kabeji, karas da zogale. Zuma ba laifi ga wanda ba shi da suga, sai dai kada a dogara da ita a bar magani. Kwalaben "maganin olsa sadidan" da ake tallatawa da lasifika a tasha kuwa, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Yadda ake ci ya kai abin da ake ci muhimmanci. Ci a kan lokaci, sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani idan yunwa na tayar maka. Kada a cika tumbi dam. A tauna sosai. A bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya. Sigari da shisha a bar su gaba ɗaya, don mai shan taba gyambonsa ya fi jinkirin haɗewa kuma ya fi saurin dawowa.

Mataki na bakwai: idan azumi ya gabato

Kada ka jira sai an ga wata. Mai fama da ciki ya je gwaji tun a Rajab, ya sha maganinsa ya gama a Sha'aban, ya shiga Ramadan da gyambon da ya haɗe. Wanda gyambonsa ke ɗanye, ko ya yi zubar jini kwanan nan, azumi na iya kai shi ga hudawa, kuma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwamen ya rama daga baya. Likita ne zai faɗi halin da cikinka ke ciki, malami ya faɗi hukuncin.

Wanda aka ce zai iya, ya tashi da wuri ya sha omeprazole rabin awa kafin sahur, kada ya bar sahur, kuma ya jinkirta shi zuwa kusa da alfijir. Da buɗa-baki a fara da dabino da ruwa, a yi sallah, sannan a ci abinci a hankali. Tarin ƙosai, soyayyen dankali da yaji da kunun tsamiya a kan cikin da ya wuni babu komai shi ne abin da ke kwantar da mutane da yawa tun a goman farko.

Mataki na takwas: a tabbatar ta mutu

Ɗaukewar zafi ba shaida ba ce. Aƙalla mako huɗu bayan gama magungunan kashe ƙwayar, kuma mako biyu bayan barin omeprazole, a koma gwajin bayan gida ko na numfashi, ba na jini ba. Idan ya nuna tana nan, ba a maimaita haɗin farko, sai a canza wani. Wanda aka ga gyambonsa a cikin tumbi ne, akan sake leƙawa da kyamara bayan kamar wata biyu don a ga ya haɗe kuma a tabbatar ba daji ba ne. Wannan ba tsoratarwa ba ce: tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori cikin abubuwan da aka tabbatar suna iya haddasa ciwon dajin tumbi, ko da yake kaɗan ne daga cikin masu ita ke kaiwa can.

Idan an kashe ƙwayar kuma an bar magungunan ciwon jiki, da wuya gyambon ya dawo. Abin da ya rage shi ne gida: ruwan sha mai tsabta ko tafasasshe, wanke hannu da sabulu bayan fita daga banɗaki da kafin sa hannu a kwano, da barin al'adar tauna abinci a ba jariri a baki. Idan akwai wani a gidan mai irin alamunka, ko akwai wanda ya taɓa ciwon dajin tumbi a dangi, shi ma ya je gwaji. Da nawa sakamakon ya fito babu, mahaifiyarmu ce ta biyu da na kai. Sai da na yi da gaske, tana cewa "Kai dai bar ni, ɗan nan, nawa na tsufa ne." Aka gwada aka samu, aka kuma tarar da piroxicam a cikin ƙullin maganin gwiwarta. Kalandar tata ƙanwata ce ta riƙa soke mata gida-gida har 28 ɗin suka cika.